Bokitin Yashin Yaya Haruna

Yau shekara shida ke nan da rasuwar yayana Haruna. Idan aka tambaye ni ko har yanzu ina jin zafin, sai in ce eh don kunya. Gaskiya ba na jin komai. In tashi, in je gonar riɗi, in dawo.

Shi ya tara mu, mu 'yan ƙwadagon gona, ya kafa mana ƙungiya, ya koya mana ƙwallon zari-ruga a wani fili da ke gefen Gadarif, a gabashin Sudan. Turakun golan filin tsofaffin bututun ban-ruwa ne da ya ɗauko daga garin Fau. Baƙar ƙasarmu kuwa da rani tsagewa take yi, har ƙafar ƙato ta shige ta karye. Shi ya sa kowace Juma'a kafin wasa Haruna yake bin filin da bokitin yashi, yana cike tsagar ɗaya bayan ɗaya. Mu yi ta yi masa tsiya, muna kiran shi telan ƙasa. Ya ce rigakafi ya fi magani, ya ci gaba da abinsa.

Da yaƙi ya koro mutanen Khartum da Jazira, filin ya cika da tantuna. Duniya rawar 'yan mata: masu gidajen bene jiya, yau suna shanya a turakunmu. Me Haruna zai ce? Ban sani ba, ban ma taɓa leƙawa ba.

Juma'ar da ta wuce 'yan ƙungiya suka samu wani fili a hanyar Shuwak, suka aike ni in tono turakun, tunda ni ne ƙaninsa. In babu turakun, babu ƙungiya. Na je da diga. Na tarar an ɗaure rumfar wata dattijuwa a jikin ɗaya, tana zaune da ƙafa naɗe cikin tsumma.

"Inna, me ya same ki?"

"Ƙasarku ce, ya waladi, ɗana. Na fito alwala ta haɗiye mini ƙafa. Malesh, yi haƙuri, turken naka ne?"

"Na wani ne, Inna. Ba ya buƙatar shi yanzu."

Na ajiye digar, na ari bokitinta, na nufi kwari ɗebo yashi.

Ƙungiya za ta watse, na sani, kuma ko a jikina. Haruna bai bar kofin gasa ba, ko hoton kirki babu. Abin da ya bari shi ne yadda ake bin filin nan, daga turken gabas zuwa na yamma, ba a tsallake tsaga ko ɗaya. Ni na manta, hannuna ne bai manta ba.