Tulun Ɗan Suma'ila

Idan ka tambayi Idirisu na Dakusa asalinsa, da gero yake fara maka. Kakan ubansa, Suma'ila, daga Barno ya taso da jaki ɗaya, da matarsa, da zangarniyar gero ƙulle cikin tsumma. Ya sari daji arewa da gari ya shuka ta. Gero ne dogo mai jinkiri, sai ya sha ruwa har ƙarshen damina kafin ya cika ido, amma in ya cika, dami ɗaya sai ƙato ke ɗauka. Mutanen gari suka sa masa suna ɗan Suma'ila.

Suma'ila ya haifi Gambo, wanda aka tafi da shi aikin tilas zamanin Nasara, ya dawo da tari, tarin ya kai shi ƙasa. Gambo ya haifi Musa. Musa ya haifi Idirisu da ƙanensa Inusa. Dukansu abu ɗaya suka gada. Kowace kaka maigida zai zaɓi zangarniyoyi mafi kyau, a sussuka, a cuɗa da toka, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba. Na ranar da iri ya ƙare ne a gidan. Ko a shekarar fara, da Musa yana yaro aka binne ƴan'uwansa biyu, ba a fasa tulun ba. Da alfahari Idirisu ya tashi yana ba da wannan labari.

Sai fari ya zo a zamaninsa. Damina ta farko ta ba da rabin rumbu. Ta biyu, gero ya ƙone bai wuce gwiwa ba. Kafin bazara akuyoyi sun ƙare, mata suna jiƙa ƴaƴan anza na daji su zubar da ruwan ɗacin, su sake jiƙawa. Manya suna haɗiyewa. Zara, autar Idirisu, da ba a daɗe da yaye ta ba, duk abin da aka ba ta sai ya dawo.

Wata hantsi matarsa Ladi ta same shi a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Inusa na zaune a gefe.

"Malam, ƙoƙo ɗaya nake so daga tulun nan. Kunu zan dama wa yarinyar."

"In an fasa laka, an fasa ke nan. Yau ƙoƙo, gobe ƙwarya."

"To gobe ma in ta sha, laifi ne?"

Inusa ya ce, "Yaya, ni nawa irin tun sallah muka cinye. Kakanni ba su zo mini a mafarki ba."

"Kai dama ko a mafarki suka zo, abinci za ka tambaye su," in ji Ladi. Ta saba tsokanarsa, amma ran nan ba wanda ya yi dariya.

Idirisu bai ɗaga kai ba. "Baba ya ga abin da ya fi wannan bai taɓa shi ba. In muka ci, me zan shuka? Ku duka zan kashe ke nan, ba ita kaɗai ba."

"Ka ji abin da ka ce? Ba ita kaɗai ba."

Idirisu ya tafi Damagaram neman dusa da ƙafa. Ya samo, amma ranar da ya dawo an riga an kai Zara makwancinta. Ladi ba ta yi masa kuka a gaba ba. Ta karɓi dusar, ta ce sannu da hanya.

Gab da damina kamyon, babbar motar ma'aikatar noma, ya zo da iri, wani gajeren gero mai saurin nuna. Inusa ya shiga layi ya karɓa. Idirisu ya ƙi. Ya ce shi yana da iri, kuma ya san abin da ya biya a kansa. Da aka yi ruwan shuka ya fasa lakar, ya ambaci Suma'ila da Gambo da Musa kamar yadda ake yi, ya shuka gonar kaf.

Geron ya fito, kuwa. Ya yi kore shar, ya wuce tsayin mutum, masu wucewa kasuwa suna tsayawa kallo. Na Inusa kuwa ko kafaɗa bai kai ba.

"Wannan gero ne ko ciyawar zomo?" Idirisu ya tambaye shi.

"Ciyawar zomo ce, Yaya. Amma ta yi ciki."

Ruwa ya ɗauke da wuri, kamar yadda ya saba a shekarun nan. Gajeren ya riga ya cika ido. Ɗan Suma'ila yana tsakiyar bununi rana ta kama shi. Zangarniyoyi dogaye kamar hannu, in ka murza sai ƙaiƙayi. Suma'ila ya zaɓi geronsa ne don daminar zamaninsa, kuma wannan daminar ba ta sake dawowa Dakusa ba.

Damman Inusa ne suka riƙe gidajen biyu har wata shekara. A cikin kwari, inda laima ta ɗan tsaya, Idirisu ya tsinto ƴan zangarniyoyin da suka cika. Ya kawo su gida cikin rigarsa, ya tsaya bakin madafa.

"A ɗan sammini toka."

Ladi ta dubi geron, ta dube shi. "Murhun ba ya cizo, Malam. Ɗebi da hannunka."

Ya ɗiba, ya cuɗa, ya liƙe tulun shi kaɗai.

Yanzu ya tsufa. Gonar duk gajeren gero ce, ƴaƴansa maza ba su san wani ba. Sai kunya biyu a bakin kwari yake shuka wa ɗan Suma'ila, wata shekara ya cika, yawanci ya ƙi. Ladi ba ta taɓa surfa shi ba, ba ta taɓa sa shi a baki ba. In baƙo ya zo ya tambayi tarihin gidan, Idirisu zai jero su: Suma'ila, Gambo, Musa, sai shi. A nan yake tsayawa. Ladi kuwa, in tana kusa, ko ba da ita ake ba sai ta ce daga bayan danga:

"Ka manta Zara. Ita ma ta yi wa tulun nan aiki."