Gashin da Pyo Mai Aski Ya Ara wa Kakakin Majalisa

Shagon Pyo Dok-su yana ƙasan gangaren da ke sauka kasuwar kifi: kujera biyu, da madubi ɗaya wanda iskar teku ta ci gefensa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aski a wurin. Ya aske masunta da anguna da samarin da za su tafi soja, ni ma a hannunsa kaina ya yi furfura. Bai taɓa kafa allon talla ba, domin kansa ya ishe shi talla. Yana da shekara sittin da huɗu, amma gashinsa baƙi wuluk, a cike, yana sheƙi kamar fiffiken hankaka bayan ruwan sama. Kullum da safe sai ya shafe shi da man fure kafin ya ɗaga ƙofa.

Dokarsa ɗaya ce: abin da ya gani a kan mutum, a shago yake tsayawa. Ko tabo ne, ko ƙwarƙwata, ko ƙulun da matar gida ta yi wa wani da ludayi. Matarsa Ok-bun takan ce ita tulu mai murfi ta aura.

Saboda wannan doka ne Kakakin majalisar lardinmu, Bong, yake shigowa ta ƙofar baya Litinin ɗin farko ta kowane wata. Gashin nan da ke kan fastocin zaɓensa ba nasa ba ne. Sanƙo gare shi tun daga goshi har kusa da ƙeya, hular gashi ce a kai. Shekara ashirin Pyo yana wanke ta, ya taje, ya manna masa da gam. Kuma duk zaɓen da aka yi, 'yan adawa Pyo yake jefa wa ƙuri'a. Bai taɓa ganin ɗaya ta shafi ɗaya ba.

A wata bazara sai rigimar gada ta tashi. Gadar da aka zana za ta sauka a kasuwa, sai ga ta a sabon zane ta lanƙwasa ta sauka a bakin gonar tuffa ta surukin Kakaki. 'Yan adawa suka zauna a kan kujerarsa suka ƙi tashi, suka ɓoye gudumar da yake buga teburin majalisa da ita, sai bayan kwana uku aka same ta a cikin randar kabeji mai yaji ta ɗakin cin abinci. Ran Kakaki ya ɓaci. A gaban 'yan jarida ya buga ƙirji ya ce sharri ake masa, kuma ranar Alhamis zai aske kansa a kan matakalar majalisa, kamar yadda manyan 'yan siyasa ke yi idan an zalunce su. Zai kuma aika wa masu ƙazafi gashin a akwati, bisa al'ada.

Da yamma ya shigo ta ƙofar baya, ba ranarsa ba.

"Pyo, bakina ya kashe ni."

"Ranka ya daɗe, da ka biyo ta nan kafin ka buɗe shi."

Cire hular a ɓoye ba shi ne abin tsoro ba. Akwatin ne. Shugabar 'yan adawa, Uwargida Gye Mal-sun, ta yi shekara goma sha biyu tana ƙulla hular gashi a masana'anta tun tana budurwa. Da yatsu biyu za ta murza ta gane zaren kamfani ne. Kakaki ya ce a ɗebo gashin ƙasan shago. Pyo ya nuna masa kwandon shara: abokan cinikinsa yanzu duk tsofaffi ne, furfura ce zalla.

Ranar Alhamis da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba, ya ɗaura farin ƙyalle a wuya. Ya miƙo mini na'urar aski, ya faɗa mini dalili a gajarce. Na ce mutumin da kai da kanka ka ce ɓarawon gada ne?

"Gada tasu ce, Yaya, su je su ƙarata. Kan kuwa nawa ne. Shekara ashirin yana hannuna ba wanda ya ji."

Ok-bun tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu. Ta ce, "Baban Hye-ja, ni fa don gashin nan na aure ka. Idan ya tafi sai mu sake lissafi."

Na aske shi. Gashin yana zuba a hankali kamar dare ne ke sauka a kan ƙyallen. Bai kalli madubi ba. Ya tattara shi a aljihun rigar aikinsa, ya kifa hular ulu a ka, a tsakiyar zafi.

An cika matakalar majalisa. Matan jam'iyya sun riga sun fito da hankici. Pyo ya gaya wa masu ɗaukar hoto cewa shi mutumin dā ne, da aska da kumfa yake aiki, kuma ba ya taɓa kan babba sai ya gasa shi da tawul mai zafi. Ya naɗe kan Kakaki da tawul biyu. Da ya zare na farko, na ciki, hular gashin ta bi shi zuwa cikin bokiti. A ƙarƙashin na biyu ya shimfiɗa nasa gashin a kan sanƙon, ya lafta kumfa har Kakaki ya koma kamar tulin shinkafa a faranti. Sannan ya ja aska. Baƙin gashi ya riƙa gangarowa cikin kumfa, mata suka fashe da kuka, Kakaki ma ya zubo hawaye na gaske, domin gam ɗin ya tafi masa da 'yar fata.

Abin da Pyo ya manta shi ne taken ƙasa. Aka sa shi a lasifika, kowa ya miƙe, duk mai hula ya cire. Pyo ya tsaya da aska a hannu, ya duba hagu ya duba dama. Wani tsohon soja ya harare shi. Ya cire.

Kawuna biyu suka haska a rana. Sai tafi ya ɓarke. Washegari hotonsa ya fi na Kakaki girma a jarida: mai askin da ya riga ubangidansa aske kai don kishi. Abokansa na adawa suka daina zama teburi ɗaya da shi a gidan miyar kifi. Ba shi da abin da zai ce musu wanda ba zai karya dokarsa ba, don haka ya sha miyarsa shi kaɗai har ƙarshen kaka.

Bayan mako guda Uwargida Gye ta shigo shagon da akwatin a hammata. Ta ajiye, ta ce ta murza, gashin mutum ne, ta kuma faɗa wa 'yan jarida haka. Sai ta sunsuna yatsunta.

"Man fure," in ji ta, tana kallon kansa. "Malam Pyo, tun ranar da aka rantsar da shi na ga ƙullin gefen hagu na hular gashinsa bai yi ba. Rigimata da shi a kan gada ce."

Pyo ya ce bai san abin da take magana a kai ba, ya tambaye ta ko za ta sha shayi. Ta sha.

Kakaki bai sake sa hular gashi ba. Ya ce ya yi alwashin zama haka har gaskiya ta fito, aka yi ta yabon juriyarsa har ya bar duniya. Gashin Pyo ya dawo kafin sanyi, fari tas kamar kumfar bakin teku. Ok-bun ta duba ta ce za ta haƙura da shi haka. Bara muka binne Pyo, shi ya sa yau bakina ya buɗe. Gadar tana nan, tana sauka a gonar tuffa.