Sunan Tanko a Rumfar 'Yan Boma

Tun ina ƙarama aka san ni da tambaya. Mahaifiyata takan ce da tambaya tana ƙosarwa, da ba a taɓa tuƙa tuwo da ni ba. A gidanmu na Orozo mutum ɗaya ce ba ta gajiya da ni, ita ce kakata ta wajen uba, Iya Ladi, wadda aka sa mini sunanta. Ita ma ba kullum take ba ni amsa ba. Wani lokaci sai ta dube ni ta ce, "Takwara, surutun nan naki ko aku albarka," ta miƙo mini gutsuren doya don in yi shiru.

A lokacin Orozo ƙauye ne sosai, gonakin doya da dawa sun kewaye mu. Abujar da muke jin labari ita ce garin da yanzu ake kira Suleja, kuma ni ban taɓa zuwa ba. In an gama girbi, da an ci tuwon magariba sai mu taru a ƙofar ɗakin Iya, mu da 'ya'yan maƙwabtanmu Gbagyi. Takan tura doya biyu cikin toka mai zafi, ta ajiye ɗan kwanon manja da gishiri a gefe, ta miƙe ƙafa. Ba ta fara tatsuniya kamar sauran mutane. Sai ta ce, "Ga ta nan zuwa, amma gurguwa ce, sai kun yi haƙuri da ita." Mu kuma mu ce, "Ta zo, ko da rarrafe ne."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da take ba ni haushi, domin ba ta da ƙarshe. Wai zaki ne ya tara namun daji za su je yaƙi a bayan koguna bakwai. Masu ƙaho suka shiga gaba, masu farce suka bi su. Jaki ba shi da ƙaho ba shi da farce, sai aka ɗora masa salkunan ruwa da guzurin kowa. Aka je aka yi yaƙi aka dawo, amma jaki bai dawo ba. Zaki ya zauna a gindin tsamiya yana kiran sunayen waɗanda suka je, rayayyu da matattu. Ya kira giwa, ya kira ɓauna, har kura da ta gudu tun a kogi na farko sai da aka kira ta. Ƙanwar jaki tana tsaye a bayan danga tana saurare, ba ta ji sunan ɗan'uwanta ba.

Nan Iya take tsayawa. Sai ta tono doya, ta busa toka, ta fara rabawa.

"To sai me ya faru, Iya?"

"Tana nan tana jira."

"Har yaushe?"

"Ki je ki tambayi zaki mana. Ni ce na aike su yaƙin?"

Da na ƙara wayo sai na lura ba ta yin wannan tatsuniya sai in gobe 'yan Boma za su taru. 'Yan Boma su ne tsofaffin sojojin da Turawa suka kai yaƙi ƙasar Boma. Suna da ƙungiyarsu, kuma rumfarsu tana jingine da dangar gidanmu. Asabar ta farko a kowane wata sukan zo daga Kurudu da Karshi da Karu, wani a kan keke, wani a ƙasa, wani ɗansa ne zai riƙo shi. Akwai Musulmi a cikinsu, akwai Kirista, akwai wanda bai bar addinin kakanninsa ba, amma a rumfar nan ban taɓa jin an tambayi kowa ba. Kowa zai kawo doya ko dawa, Iya ce ke dafa musu. Sai su sa tsofaffin kakinsu da suka koɗe, su maƙala lambobin yaƙi, su jeru. Mu yara dariya suke ba mu, musamman in an ce su buga ƙafa a ƙasa, wani ya buga, wani ya kusa faɗuwa.

Shugabansu Samanja Audu ne, wanda ya girme su duka nesa ba kusa ba. Bai iya karatu ba, sunayen duk a kansa suke, sama da arba'in, kowanne da gurbinsa. Zai daka tsawa, "Fareti, tanshan!" sannan ya fara kira. Mai rai ya amsa, "Ina nan, sa!" Abin da ya ɗaure mini kai shi ne har matattu ake kira, kuma ana amsawa. Dokarsu ce in mutum ya mutu, wani daga cikin rayayyu ya ɗauke shi. Ranar farko zai faɗi abu ɗaya da ya sani game da mamacin, daga nan kuma duk sanda aka kira sunan shi zai ce, "Yana wajena, sa!" Ba a watsewa in da sunan da ba a amsa ba. A lokacin da nake magana su tara suka rage, kowa na ɗauke da mutum uku ko huɗu.

Wata Asabar ina riƙe wa Iya ludayi a bayan dangar, na ga leɓenta yana motsi. Na matso na kasa kunne. Ashe bin Samanja take yi, suna bayan suna, wani lokaci ma ta riga shi. Da ya kai ƙarshe ya rufe, sai na ji ta ƙara guda ɗaya a hankali, ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Ban iya haɗiye wannan ba. Da yamma da aka hura wuta, kafin ta ce komai na tare ta.

"Iya, wane ne Tanko?"

Ta daɗe tana juya itace a wuta. Na ɗauka ranƙwashi zan sha, sai na ji ta ce, "Ƙanena ne. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarmu."

Ranar ba a yi tatsuniya ba. Ta ce lokacin da ake ɗibar mutane, hakimi ya aiko kowane gari ya ba da samari. Aka tafi da Tanko, amma ba a ba shi bindiga ba, cikin 'yan dako aka sa shi, masu ɗaukar harsashi da abinci da ka cikin daji. Da aka gama yaƙi wasu suka dawo, wasu aka aiko da labarin mutuwarsu. Shi Tanko ba mutum ba labari. Ta ce da aka kafa rumfar nan ta durƙusa gaban Samanja ta roƙe shi ya sa sunan ƙanenta. Ta kwaikwayi muryarsa har muka yi dariya ba mu shirya ba: "Ladi, ɗan dako ba ya fareti. Ba bindiga, ba layi. Oda ne."

"To me ya sa kike dafa musu, Iya? Ni da ni ce ko ruwa ba zan ba su ba."

"Su ne suka ga inda ya je," in ji ta. "In na kore su, wa ya rage mini?" Sannan ta ƙara da cewa, "Abin da nake tsoro, Takwara, kada su ƙare ba a kira shi ko sau ɗaya ba. Kin ga kullum raguwa suke yi."

Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin Samanja har na daina gaishe shi, sai da ta ja mini kunne.

A damina ta gaba tsufa ya fara cin Samanja. Zai kira suna goma, sai ya tsaya baki buɗe, ido yana yawo. Sauran su sunkuyar da kai, ba mai iya tuna masa, domin a fareti ƙarami ba ya gyara wa babba. Ran nan da shirun ya yi tsawo, Iya ta faɗi sunan da ke biye ta cikin danga, ba da ƙarfi ba. Samanja ya gyara murya ya kira shi kamar shi ya tuno. Tun daga ranar ya koma tsayawa kusa da dangar, kunnensa na hagu a wajenmu. Kowa ya san abin da ake ciki, ba wanda ya taɓa furtawa. Haka aka yi wata da watanni.

Sai wata Asabar. Samanja ya kira suna na ƙarshe, aka amsa. Maimakon ya rufe, sai ya tsaya ya karkata kunne, domin ya saba, bai ma san ya kai ƙarshe ba. Na dubi Iya. Muciya tana hannunta. Ta ce, "Tanko Orozo."

"Tanko Orozo!" in ji Samanja da dukan muryarsa.

Sai da sunan ya fita ya gane abin da ya faɗa. Ya juyo ya dubi dangar. Ba wanda ya yi motsi. Ga suna an kira, dokarsu ta hana a watse ba a amsa ba, kuma ba mai shi. Ni dai ina jin tuwo yana kamawa a tukunya, Iya ko kallonsa ba ta yi ba.

Can sai Kofur Yohanna, wani Bagbagyi daga Kurudu mai ɗingishi da ƙafar dama, ya matso gaba da sandarsa. Ya ce da irin Hausarsa ta bariki, "Yana wajena, sa! Harsashi ya same ni a ƙafa, ruwa yana zuba, kowa ya wuce. Wannan yaro ya jefar da kaya, ya goya ni kwana biyu har bakin kogi. Ba don shi ba, babu Yohanna."

Samanja ya juyo gare shi. Sannan ya ce, "An amsa. Fareti, a watse." Iya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane. Tuwon ranar ya ƙone, kuma duk suka cinye shi tas.

Da yamma yara suka ce a yi musu ta jaki. Iya ta ce, "Gurguwar nan ta isa gida, ku zaɓi wata." Ni kuwa sai da kowa ya tashi na matsa jikinta.

"Iya, da gaske Kofur ya san shi? Me ya sa bai taɓa faɗa ba tuntuni?"

"Ban tambaye shi ba."

"Me ya sa?"

"Ke dai ba kya barin tukunya a rufe. Tashi ki wanke hannu."

Daga ranar sunan Tanko ya zauna a ƙarshen layi, ko bayan rasuwar Samanja ba a cire shi ba. Iya ta ƙara shekara shida a duniya, kuma ba ta gajiya da ba mu labarin yadda ƙanenta ya goya soja kwana biyu cikin ruwan sama. Kullum sai ta ce, "Tun yana yaro haka yake, ba ya wuce mutum."

Tambayar dai ba ta bar ni ba. Bayan rasuwarta, ina makarantar horon malamai, lokacin da aka fara maganar za a gina sabon babban birni a yankinmu, na zo hutu na tafi Kurudu gaishe da Kofur Yohanna. Su biyu suka rage a ƙungiyar, rumfar ma ta faɗi. Na same shi a kan tabarma yana ɓare gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, don Allah, da gaske Tanko ne ya goya ka?"

Ya yi dariya har da tari. "Jikar Ladi ke nan. An gaya mini halinki." Sai ya ture gyaɗar gefe. "Wani ɗan dako ya goya ni, wannan gaskiya ne, ga ƙafa shaida. Amma zazzaɓi ya rufe mini ido, ban tambayi sunansa ba, ban ƙara ganinsa ba. Shekara da shekaru yana damuna. Ina da mutum ba suna. Kakarki kuma tana da suna ba mutum. Ran nan da na ji sunan, na ce to, Allah ya haɗa."

"Iya ta sani?"

"Ba ta taɓa tambaya ba," in ji shi. "Ita ba irinki ba ce."

Yau na fi Iya shekaru, ina da nawa jikokin, kuma har yanzu ina juya maganar nan. Da ina budurwa na ɗauka ƙarya ce ya yi mata don tausayi, har na ji ba daɗi. Daga baya na ga shi ma nauyi ya sauke, domin a karon farko ya samu ya gode wa wanda ya cece shi a gaban mutane. Wani lokaci kuma in ce wa ya sani, 'yan dako nawa ne a dajin nan, ƙila ma Tankon ne. Ba ni da hanyar sani, duk wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. In ba Tanko ba ne, to a wani ƙauye an yi wata mace da ƙanenta ya jefar da kaya ya goya soja kwana biyu cikin ruwan sama. Ita ma ta jira, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya je ya gaya mata.