Ɗauko kawu daga Hawandawaki

Muna sallame sallar asuba muka bar Tasawa, ni da wana da wani direba da ya yi ta mitar tsadar isansi, wato man mota. Saƙo ne ya iso mana cewa kawunmu na Hawandawaki ya daina barci, ya buɗe rumbunsa yana rabar da hatsi ga duk mai wucewa, a wannan shekara ta fari. Dangi sun fara zancen ɗaure shi da mari a ƙafa.

Hanyar rairayi ce zalla. Gero ya bushe a tsaye tun bai kai gwiwa ba, awaki har ledoji suke ci. A wani ƙauye muka sha fura wadda ruwanta ya fi geronta yawa, mai furar ma da kanta ta ba mu haƙuri.

Mun tarar da kawu a gona yana haƙa rijiya shi kaɗai, muryarsa ta dishe amma bakinsa bai tsaya ba. Da ƙyar ya shiga mota, sai da muka ce masa za mu sayo siminti.

A hanyar dawowa muka iske shingen sojoji. Na san yanzu magana ɗaya tana iya kai mutum inda ba a ziyara. Kafin in toshe masa baki, kawu ya leƙa ta taga.

"Kai yaro, ka hwaɗa ma manyanku su sauka, ni za ni riƙe ƙasar!"

Sojan ya gyara bindigarsa. Wana ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shi da lahiya, likita za mu kai shi." Sojan ya daɗe yana kallon kawu, sannan ya ce a hankali, "Ku wuce. Tsohuwata haka ta yi."

A asibiti likita ya ce da Faransanci sunan ciwon "mani", kuma yana da magani. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, da kalmar nan muke tsokanar juna, wane yana da manin ƙwallo, wane na shayi.

Mun bar kawu yana barci, muka isa gida bayan la'asar. Na koyi cewa abin da muke wasa da sunansa, a wani gidan rumbun shekara guda yake cinyewa. Har yau ban sake faɗar kalmar da dariya ba.