Bargon Inna a kan ordinatar

Warin ƙonewar roba ne ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa.

Na bar ordinatar ɗina, wato kwamfutar da nake aiki da ita, a kunne, tana jone da wuta, na tafi sallar la'asar. Na dawo na tarar da ita lulluɓe da bargo, ɗiyata Nana tana barci a katifar da ke gefe. Na fizge waya, na yaye bargon. Gefensa har ya yi baƙi.

Inna, mahaifiyata, ta shigo.

"Inna, wa ya ruhe ta?"

"Ni ce. Hadari ya taso, kwanon rufin nan kuma yana yoyo. Da ita kake ciyar da mu, ina zan bari ruwa ya taɓa ta?"

Na fasa faɗan da na ɗauko. Na nuna mata ramukan da zafi ke fita, na ce in aka toshe su tana iya kamawa da wuta. Ta daɗe tana kallon Nana, sannan ta ɗauke ta ta goya.

Muna kawo kaya gida, ba ma gaya wa iyayenmu hatsarinsu. Ku kun taɓa zaunar da naku?