Muhuyi Mai Tashin Mutane

Ana ta yaɗawa a Zongon Cotonou wai zakarun layinmu sun tattara kajinsu sun koma Godomey, saboda Muhuyi ya ƙwace musu sana'a. Wani ma ya rantse ya ga babbansu a bayan zem, wato babur ɗin haya, ya sa hular kwano. Ƙarya ce. Zakaru na nan, sun dai daina wahalar da maƙogwaronsu ne. Ni taubashinsa ne, ɗan kawunsa, ga yadda abin yake.

Shekara talatin da ɗaya Muhuyi yana tuƙa motar ma'aikatan wani kamfani a Cadjèhoun. Ƙarfe huɗu agogonsa ke bugawa, wani tsohon mai ƙararrawa biyu a ka, irin wanda ake wanawa, wanda in ya tsuge har can unguwar Akpakpa ana juyi a katifa. Sai ya bi gida-gida yana kwasar mutane. Doka ɗaya gare shi: ba ya barin ƙofa sai ya ga fuska. "Ga ni nan" ba ta shiga mota, in ji shi.

Da ya yi ritaya, matarsa Labiba ta naɗe agogon a zani ta tura ƙasan akwati. "Malam, ka huta haka nan," ta ce.

Bai huta ba. Ƙarfe huɗu idonsa ke buɗewa. Ya yi wanka, ya goge takalmi, ya dawo daga masallaci ya zauna a benci yana kallon kowa na sauri, ba mai ce masa ya makara, ba mai ce masa ya zo da wuri. Abin da ke cinsa ke nan: duk faɗin Cotonou ba wanda ke jiransa. Cikin wata biyu ya rame har hularsa ta fara juyawa da kanta.

Wata safiya Asabe mai koko ta fito hantsi ya dubi ludayi, tana sababi. An ɗauke wuta, wayar da ke tashinta ta mutu, ma'aikatan tashar jirgin ruwa sun wuce da yunwarsu.

"Da kin faɗa mini, ai da na tashe ki," Muhuyi ya ce, a hankali, kamar mai roƙo.

Labiba na bakin ƙofa, ta ji muryar. Da la'asar ya tarar da agogon a kan tabarmarsa, an goge shi har yana ƙyalli. 

Daga Asabe sai Yasser ɗan zem, mai kashe waya cikin barci ya rantse ba ta buga ba. Sai Madam Ramlatu da ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, can ƙetaren gada. Kowa da lokacinsa, kowa da irin bugunsa. Kuma dokar na nan: sai ya ga fuska, ko ya ji ƙarar buta.

"Baba, wallahi na tashi!" Yasser zai ce daga ciki.

"Bakinka ne ya tashi. Fito da sauran."

Naira ko sefa ba ya karɓa. Kofin koko kaɗai, shi ma sai ya yi ƙorafin sukari.

Da damina, wata Laraba, ya wana agogon har wani abu ya ce ƙas a ciki, bai kula ba. Ruwa na zuba a kwano, sanyi ya yi daɗi, jikin da bai taɓa cin amanarsa ba ya ci. Bugun ƙofa ne ya tashe shi, gari ya waye tangaran. Ya fito da zanin rufa, ya tarar da su tsaye cikin ruwa: Yasser da rigar zem a bai-bai, Madam Ramlatu da takalmi a hannu, Asabe ko murhu ba ta hura ba.

"Malam, wane irin abu ne wannan?" Asabe ta ce. "Mun ɗauka... Kai, Allah Ya kiyaye! Kada ka ƙara!"

Ya sunkuyar da kai ana masa faɗa kamar sabon ɗauka. Labiba ta ce ranar malmala uku ya ci, yana ci yana murmushi shi kaɗai.

Da labari ya iso ni, na je takanas na durƙusa a gabansa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Asuba! An ce ka makara. A kawo maka ɗan agogo ne, ko ni in riƙa zuwa ina tashinka?"

Bai ɗago daga agogon da yake kwancewa ba.

"Ni sau ɗaya na makara, mutum uku suka zo cikin ruwa duba ni. Kai shekara hamsin kana makara, ko akuya ta taɓa leƙo ka?"