Wanda Ya Fasa Jakin Coci

A Gummi in ka ce Sa'idu mai gilashi, sai a tambaye ka wanne. In ka ce wanda ya fasa jakin coci, har rakiya za a yi maka zuwa shagonsa.

Cocin 'yar ƙarama ce, kuma abin taƙamarta taga ɗaya ce mai gilashi launi-launi da aka harhaɗa da dalma: Maryama zaune, jaririn kwance cikin komin dabbobi, jaki a gefe ya leƙo kai. Da wannan tagar wata tsohuwa, Mama Rahila, ke koya wa yaran cocin labarin haihuwar Almasihu, tana nuni da sandarta.

Iskar ƙarshen damina ta girgiɗa ɓangaren jakin, aka kira Sa'idu. Ya ciro shi da bismillah, ya naɗe cikin bargo, ya ɗaure a bayan mashin. A kwanar kasuwa akuya ta gitta masa. Da ya tashi ya kwance bargon, kunne ɗaya kawai ya iya ganewa.

Da Mama Rahila ta yi faɗa, da ya ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ka rufe mini wurin kafin Kirsimeti. Ban san ko za mu sake yin wata a nan ba." Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa hanyoyi, mutanen cocin suna ta kwashe kaya.

Ya aika Kaduna a nemo mai irin aikin, aka ce ba mai biyo hanyar nan don jaki. Ya gwada zanawa da kansa a kwali, matarsa Zinatu ta ce Allah ya ba tunkiyar nan lafiya. Yayansa Malam Uwais kuwa ya tuna masa cewa a gidansu ba a zana abu mai rai. Sa'idu ya rasa tudun dafawa, ya koma cocin ya tsaya yana kallon tagar. Can ya ga abin da masu aikin suka manta. Shi dai abin da aka karantar da shi tun yana ƙarami, a gindin dabino Maryama ta haihu. Ina dabinon?

Ya tattara ragowar koren gilashi da mai ruwan ƙasa, ya yanka, ya haɗa dabino a gurbin jakin.

Mama Rahila ta daɗe tana dubawa. "Wannan ba ya cikin namu labarin."

"Cikin namu shina nan, Mama."

"To, a bar shi. Ya yi wa yaron inuwa."

Kirsimetin bara ke nan, mutanen da suka zo ba su cika benci biyu ba. Bayan nan ɗanta ya zo ya tafi da ita Zuru. Makullin cocin a hannun Sa'idu aka bari, ba don ya roƙa ba, don dai babu wanda za a bar wa. Duk aka yi iska sai ya je ya latsa gilashin, ya share ƙura, ya kulle.

Ran Juma'ar nan, a majalisar bakin shagonsa, Shehu tela ya ce, "Wai Sa'idu, yaushe za ka maida wa mutane jakinsu?"

Bai ɗago daga gilashin da yake yanka ba. "Jaki yab bi masu shi. Dabino na, shi ba ya da ƙafar gudu, kamar mu."